Fatake

Fatake (tilo: farke ko falke) kalma ce ta Hausa da ke nufin 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa da kaya daga wata ƙasa zuwa wata, galibi a cikin ayari, bisa jakuna, takarkarai, raƙuma ko kawunan 'yan dako. Sana'arsu ita ce fatauci. Kalmar tana da tsohon tarihi a ƙasar Hausa, kuma tana tafiya tare da wasu kalmomi kamar ayari, madugu, jagaba da zango, waɗanda har yau ana amfani da su, sai dai ma'anar wasunsu ta sauya. Garin Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da shi, har da yankin Ajingi na yanzu, suna gabashin ƙasar Kano, ɓangaren da fataken Barno suke ratsawa kafin su shiga birni.

Ma'ana

A asali, farke shi ne mutumin da ya bar garinsu da haja, ya yi kwanaki ko watanni a hanya, ya sayar, ya saro wani kayan ya komo da shi. Nisan tafiya da kwana a hanya su ne suka bambanta shi da sauran masu saye da sayarwa. Ɗan kasuwa suna ne na kowa da kowa. Ɗan koli yana yawo da ƙananan kaya irin su allura, zare, madubi da turare tsakanin kasuwannin ƙauye. Dillali ba ya da kayan kansa, yana shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ne ya karɓi la'ada. Fatoma shi ne mai masaukin da ke saukar da baƙi, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye. Attajiri kuwa, kalmar da aka aro daga Larabci, tana nuni ga yawan dukiya, ko mutum yana tafiya ko yana zaune a gida yana aika yaransa.

Ana jin farke da falke duka biyu, domin a Hausa sautin "r" da "l" sukan yi musaya a ƙarshen gaɓa daga wannan kari zuwa wancan, kamar yadda ake samun harshe da halshe. Jam'in dai ɗaya ne, wato fatake. A rubuce kalmar ta yi kama da aikatau farke, wato yage tufa ko buhu, amma ba su da alaƙa ta ma'ana, kuma a baki ana bambanta su. Manyan ƙamusoshin Hausa, irin na G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949, sun kawo kalmar da ma'anar ɗan kasuwa matafiyi.

Falke ya zama laƙabi kuma sunan gida. Sanannen misali shi ne Malam Umaru Falke na Kano (1893–1962), malamin ɗariƙar Tijjaniyya wanda ya haɗa karatu da fatauci. Littattafai da takardun da ya bari, waɗanda yawansu ya haura dubu uku, suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern da ke Amurka.

Kalmomin da ke tare da ita

Ayari shi ne taron fatake da dabbobinsu da kayansu idan suna tafiya tare. Madugu shi ne shugaban ayari, shi ya sa ake masa kirari da uban tafiya. Shi ke sa ranar tashi, ya zaɓi hanya, ya yi magana da sarakunan garuruwan da za a ratsa, ya daidaita kuɗin fito da na hanya, ya raba rigima tsakanin 'yan ayari. Jagaba yana gaba, shi ne masanin hanya, mashaya da wuraren da ake fargabar 'yan fashi. Uban dawaki mataimakin madugu ne, yana tattara abin da kowa zai bayar idan an zo wurin biya. Babban ayari ba ya rasa malami mai limanci, wanda kuma ke rubuta wasiƙu da lissafi, da makaɗi mai sanar da tashi da sauka.

Zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana, galibi a bayan gari kusa da ruwa. Daga nan kalmar ta zama ma'aunin tafiya, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Kayan aikin fatake ma suna da sunayensu: akumari da ake ɗora wa jaki a baya, mangala da waga da ake zuba kaya a ciki, taiki na fata, huhu da ake ɗaure goro da ganye don kada ya bushe, da kantu na gishiri. Ƙwaryar goro ita ce goro ɗari.

Tarihi

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci matakan da fatauci ya bi har ya kafu. A zamanin Sarki Dauda (1421–1438) littafin ya kawo labarin Sarkin Nupe da ya aika wa Amina ta Zazzau goro dubu goma. A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu (1452–1463) gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina, Barebari suka shigo da yawa, Larabawa ma suka zo suka zauna. Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya kafa kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar waɗannan hanyoyi.

Hanyoyin sun kasu manya uku. Ta arewa tana bi ta Damagaram da Agadas zuwa Gat, Gadamas da Tarabulus, kuma raƙuma ne ke ɗaukar kayanta. Ta gabas tana zuwa Barno, inda ake samo kanwa, gishirin mangul, dawakai da shanu. Ta kudu maso yamma ita ce hanyar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, inda ake saro goro. Masu bin wannan hanya sukan ƙetare kogin Kwara a wajajen Yawuri ko Ilo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, su sauka a Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har zuwa shekara guda. Ana tashi bayan an gama girbi, lokacin da rafuka suka janye, hanya ta bushe.

Daga Kano fatake suna fita da saƙi da rini, musamman turkuɗin Kura, da jima, takalma, kanwa, busasshiyar albasa da dabbobi. Su komo da goro, zinariya da kayan Turai da suka shigo ta bakin teku. Bayi ma suna cikin abin da ake saye da sayarwa a waɗannan hanyoyi, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ayari bayi ne. Wannan ciniki bai tsaya ba sai a farkon ƙarni na 20.

A ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, zuriya uku suka yi fice a fataucin goro: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka fito daga cikin Buzaye suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, da Kambarin Barebari, 'yan asalin Barno waɗanda suka yi cibiya a Gummi ta ƙasar Zamfara. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi nazarin waɗannan rukunoni a littafinsa kan fataucin goro daga 1700 zuwa 1900, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga a 1980.

Gaya, Ajingi da hanyar gabas

Gaya tsohon gari ne a gabas da birnin Kano, bayan Wudil, kudu da kogin Haɗeja. Labarin gargajiya na kafuwar Kano ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya ya zo Dutsen Dala neman tama, kuma zuriyar maƙeran da ake kira Abagayawa suna danganta kansu da wannan hijira. Ko da an ɗauki labarin a matsayin tarihin baka, yana nuna cewa zirga-zirgar masu sana'a tsakanin Gaya da Dala ta girmi masarautar kanta a tunanin Kanawa.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu ne Agalfati, ɗan Sarkin Macina, ya zo ya zama Sarkin Gaya, wani ɗan'uwansa kuma ya zama Sarkin Haɗeja. Macina tana can arewa maso gabas, a jihar Yobe ta yanzu, cikin yankin da Barno ke da iko a lokacin. Da yake wannan ya biyo bayan buɗe hanyar Barno zuwa Gwanja, kuma ya zo daidai da shigowar Barebari da yawa, wasu masana tarihi suna fassara shi da cewa Gaya ta zama ƙofar gabas ta Kano, wurin da mai riƙe da shi ke da ta cewa kan abin da ke shiga birni daga Barno.

Ƙarfin Gaya ya sake bayyana a ƙarshen ƙarni na 17. A zamanin Sarki Dadi (1670–1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye. 'Yarsa Maryama ita ce mahaifiyar Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda a zamaninsa mutanen Gaya suka yi tasiri sosai a fadar Kano. Littafin ya ce a zamanin Sharefa ne wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma shi ya ɗora haraji a kasuwar Kurmi. Magajinsa Kumbari (1731–1743) ya tsananta harajin har Larabawa suka bar Kano suka koma Katsina. Wannan ya nuna abin da fatake suka daɗe da sani, cewa idan kuɗin hanya ko na kasuwa ya yi nauyi, ayari yakan sauya hanya, garin da aka bari kuma ya yi asara.

Amfanin ƙauyukan gabas ga ayari a fili yake. Jaki da takarkari ba sa wuce 'yan mil kaɗan a yini idan suna ɗauke da kaya, saboda haka dole a sami zango, rijiya ko rafi, harawa da hatsi a kowane mataki. Manoman yankin suna sayar wa matafiya gero, dawa da abincin dabbobi, mata suna kai fura da tuwo zango, masu fito suna ƙetarar da mutane da kaya idan kogi ya kawo. Da rani kuma wasu manoman sukan ɗaura wa jakunansu akumari su shiga ƙaramin fatauci da kansu, su dawo kafin shuka. Hugh Clapperton ya shigo ƙasar Kano ta wannan ɓangare na gabas, daga Kukawa ta Katagum, ya isa birni ranar 20 ga Janairu, 1824. A birnin kuma akwai unguwar Zangon Barebari, wadda sunanta ya nuna inda baƙin Barno suke sauka.

A yau Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabta a jihar Kano, kusa da iyakar Jigawa. An ƙirƙiri masarautar Gaya a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, sannan aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu a shekarar, ta ƙunshi Gaya, Ajingi da Albasu. Wannan Gaya daban take da garin Gaya na jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, wanda ke bakin Kwara, ko da yake shi ma yana yankin da fataken Gwanja suke ƙetare kogi.

Abin da matafiya suka rubuta

A tafiyarsa ta biyu, a 1826, Clapperton ya haɗu da ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu suna dawowa daga Gwanja da Ashanti. Ya ƙiyasta su da mutum dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan adadin haka. Heinrich Barth, wanda ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa daga Azbin, ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu talatin, ya ce adadin yakan kai dubu sittin tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da fatake suka cika gari. Ya kuma ƙiyasta cewa kayan jaki ɗari biyar na goro suna shiga Kano a shekara, kanwar da ke ratsa garin daga Barno zuwa Nupe kuwa ta kai kaya dubu ashirin.

Su ma madugai an adana labarin wasunsu. Bajamushe Eduard Flegel ya yi tafiya da Madugu Muhamman Mai Gashin Baki zuwa Adamawa, ya tafi da shi Balin a 1884 tare da wani madugu abokin tafiyarsa, aka kuma rubuta tarihin rayuwarsa. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ɗan farke ne. Ya bi hanyar Gwanja ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da yawa da Hausa da Larabci.

Raguwar ayari

Abubuwa da dama suka taru suka kawo ƙarshen manyan ayarori. Bayan Turawan Ingila sun ci Ashanti da yaƙi a 1874, Salaga ta fara rasa matsayinta, kasuwar goro ta koma wurare irin su Kintampo, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya tarwatsa baƙin garin. Jiragen ruwa suka fara ɗauko goro daga Akara zuwa Legas. Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, gwamnatin Lugga ta sa wa ayarori haraji, wanda aka soke a 1907. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki.

Fatake ba su ɓace ba, sun sauya abin hawa ne da haja. Alhassan Ɗantata (1877–1955), Ba'agale haifaffen Bebeji kuma ɗan madugu, ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja da Akara, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Da motoci suka yawaita, jakuna suka koma ɗaukar kaya tsakanin gona da kasuwa. Masu lodin shanu da hatsi daga kasuwanni irin ta Wudil zuwa kudancin Najeriya har yanzu ana ce musu fatake.

Sauyin ma'ana a Hausar yau

Kalmomin ayari sun shiga sababbin wurare. Ana cewa ayarin motocin gwamna, ayarin 'yan wasa, ko ayarin masu kai agaji. Madugu ya zama sunan jagoran kowace tafiya, shi ya sa gidajen rediyo suke cewa madugun 'yan adawa ko madugun 'yan tawaye. Jagaba sarauta ce a wasu masarautu, kamar Jagaban Bargu da Bola Ahmed Tinubu yake riƙe da ita. Zango ya zama sunan garuruwa, irin su Zangon Daura da Zangon Katab, ya kuma shiga makaranta, inda ake cewa zangon karatu na farko ko na biyu. A Gana, Togo da Benin ana kiran unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi Zongo, kamar Sabon Zongo a Akara. A 2017 gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata ta musamman don raya irin waɗannan unguwanni.

Fatauci ita ce kalmar da ta fi samun sauyi. A labaran yau an fi jin ta a cikin fataucin mutane, fataucin makamai da fataucin miyagun ƙwayoyi, musamman a rahotannin da suka shafi hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 da hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003. Haka ma safara, wadda ta fito daga kalmar Larabci mai nufin tafiya. Saboda haka mai sauraron da bai san tarihi ba yana iya ɗaukar fatauci a matsayin laifi, alhali a asali sunan sana'a ce mai daraja. Ita kalmar fatake ba ta ɗauki wannan mummunar ma'ana ba, domin ba a kiran masu irin waɗancan laifuka fatake, sai dai a ce masu fatauci ko masu safarar kaza.

Takwarorinta a wasu harsuna

Kalmar Ingilishi da ta yi daidai da ayari ita ce caravan. Asalinta karwan ce ta Farisanci, ta bi ta harsunan Italiya da Faransa ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16, da ma'anar taron 'yan kasuwa ko mahajjata masu ratsa hamada tare. Daga gare ta aka sami caravaneer, wato mai jagorantar ayari, kusan abin da Bahaushe ke kira madugu, da caravanner, wato mai tafiya cikin ayari. Masaukin ayari kuwa shi ne caravanserai, daga Farisanci shi ma, wanda aikinsa ya yi kama da na zango, sai dai shi gini ne mai katanga da ɗakuna.

A Ingila ma'anar ta karkata. Kalmar ta koma sunan keken doki mai rufi, sannan ɗakin kwana mai ƙafafu da mota ke ja. A ƙarni na 19 aka gajarta ta zuwa van, sunan motar ɗaukar kaya. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu yawon shaƙatawa da irin waɗannan ɗakuna a Birtaniya, kuma a can yau caravanner ya fi nufin mai hutu da ɗakin mota, ba ɗan kasuwa ba. Tsohuwar ma'anar taron matafiya ta sake fitowa a jaridu a Oktoban 2018, lokacin da dubban mutane suka taso daga Honduras a ƙafa suka nufi iyakar Amurka.

A Larabci ana ce wa ayari ƙafila. A Sawahili kuma msafara ne, daga tushe ɗaya da safara ta Hausa. Ayarin gishiri na Abzinawa da ke zuwa Bilma da Fashi daga Azbin ana kiransa azalai ko taglamt, kuma har yanzu akan yi shi da raƙuma, ko da yake motoci sun karɓe kaso mai yawa na aikin.